Daren da Za Ku Kama Mutum

Ɗana, mahaifiyarka ta zo gaishe ni ranar Lahadi. Muna cikin hira ta ce ka shiga 'yan sintirin unguwa. Wai an ba ka tocila da usur da gora, kuma sai bayan asuba kake shigowa gida. Ita tsoro ne ya kawo ta. Ni kuwa daɗi na ji, na kuma faɗa mata haka. Unguwar da samarinta suka kwanta barci, ɓarayi ne ke zama masu unguwa a cikinta. Na san abin da masu ƙwacen waya suka yi wa mutane a garin nan. Na san gidajen da aka yi zaman makoki saboda wayar da kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Sai dai akwai wani dare da nake so mu yi maganarsa tun bai zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata rana za ku kama mutum. Zai kasance a ƙasa, hannunsa a baya, rigarsa a yage. Jama'a za su fito daga gidaje, kowa da abin da ya rarumo. Wani zai ce a bar shi mu ga bayansa. Wani zai ce a kawo taya. A lokacin babu wanda zai tsaya yi maka nasiha, kai ma kunnenka ba zai ji ba. Shi ya sa na zaɓi yau, ranar da zuciyarka take a sanyaye.

Bari in fara da abin kunyata, don kada ka ɗauka kawunka waliyyi ne. Ina saurayi, ban kai shekarunka ba, ina jiran shagon wani ɗan kasuwa. Wata rana da hantsi aka yi ihun ɓarawo. Ban san lokacin da na bar shagon ba. Na bi ayari da gudu. Muka tarar da wani yaro a tsakiyar mutane, ya rufe kansa da hannu biyu. Na duƙa na ɗauki dutse na jefa. Ɗaya tak. Ban ga inda ya faɗa ba. Da 'yan sanda suka iso, ɗaukarsa aka yi, ba da ƙafarsa ya tafi ba. Kasuwa ta koma ciniki. Da yamma na tambayi maƙwabtan shago me ya sata. Wannan ya ce jakar wata mata. Wancan ya ce turmin atamfa. Wani ya ce shi dai ihu ya ji. Har yau ban san ko ya yi satar ba, ban san ko ya rayu ba. Gashina ya yi fari, dutsen nan yana nan a raina.

Ka ga abin da ihu yake yi. Ba ya tambaya. Mutum ɗari za su taru a kan mutum ɗaya, ganau a cikinsu bai fi guda ba, in ma akwai shi. Saura duk jiyau ne.

Ka tuna Uromi. A watan Maris na 2025, ana dab da ƙaramar Salla, wasu mafarauta suka taso daga jihar Ribas za su gida Kano. Aka tare motarsu a garin Uromi na jihar Edo. Aka ga bindigogin farauta a cikin kayansu. Nan take aka ce masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe, aka ƙone. Da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne. Na tuna yadda ranka ya ɓaci a ranakun nan, ko abinci ba ka iya ci ba. To, ka san su wa suka tare motar? 'Yan sintiri ne. Samari irinka, masu tsaron garinsu, waɗanda su ma masu garkuwa suka addaba. Da sun miƙa mutanen nan ga hukuma su duka, da cikin kwana biyu an gane ko su waye. Da yanzu suna gida tare da iyalansu.

Kafin nan an yi na Aluu, kusa da Fatakwal, a watan Oktoba na 2012. Ɗaliban jami'a huɗu aka yi wa ihun ɓarayi. Aka tuɓe su, aka doke su, aka rataya musu taya. Bayanan da suka fito daga baya sun nuna bashi suka je karɓa. Waɗanda suka tsaya kallo sun ɗauki hoton abin da waya, kuma hoton nan ne ya zagaya duniya. A 2017 babbar kotun jihar Ribas ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan wannan aika-aika. Ɗaya daga cikinsu sajan ɗin 'yan sanda ne. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kai ma matafiyi ne. Wata rana za ka sauka a garin da ba wanda ya san ubanka, kuma kama da wane ba ta hana a ce kai ne wane.

Yanzu bari in gaya maka abin da doka ta tanada, a hankali, yadda zai zauna maka. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 yana da babi na huɗu, inda aka jera haƙƙoƙin ɗan Adam. Na farko a jerin shi ne sashe na 33, kuma a kan rai yake magana. An fara da shi ne domin sauran duk a kansa suke tsaye. Matacce ba ya buƙatar 'yancin magana. Abin da sashen ya ƙunsa a taƙaice shi ne kowane mutum yana da haƙƙin a bar shi da ransa. Ba a ɗauke shi da gangan sai in kotu ce ta same shi da laifi ta yanke masa hukuncin. Ka lura, kowane mutum aka ce. Ba a ware ɓarawo ba, ba a ware baƙo ba, ba a ware wanda unguwa ta gaji da shi ba.

Za ka ce, to Kawu, in ya zaro mini wuƙa fa? Tambaya ce mai kyau. Doka ba ta ce ka naɗe hannu a yanka ka ba. Wannan sashen dai ya yarda a yi amfani da ƙarfi don kare kai ko kare wani daga farmaki, ko kare dukiya, ko kama mai laifi, ko kwantar da tarzoma. Amma ya ɗaura sharaɗi. Ƙarfin ya zama gwargwadon buƙata, kuma ta hanyar da doka ta yarda. Dokar Final Kod da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ita ma haka ta ce a kan kare kai: kada cutar da za ka yi ta wuce abin da kariyar take buƙata. Ma'anar wannan a wurinka mai sauƙi ce. Muddin wuƙa tana hannunsa yana neman ka, kana da damar kare kanka. Da zarar wuƙar ta faɗi, an danne shi, damar nan ta ƙare. Duk gorar da ta sauka a kansa bayan wannan, hukunci ne kake yi. Kai kuwa ba alƙali ba ne.

Kana da ikon kama shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, da irinta da jihohi suka yi wa kansu, ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar kama wanda ya aikata laifi a gabansa. Sai dai ta ce a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Iyakar aikinka ke nan, kuma aiki ne mai daraja. Idan kuka wuce nan ya mutu a hannunku, sunan abin kisan kai. Sashe na 221 na Final Kod kisa ya tanada a kansa. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa ai muna da yawa, ba za a san dukan wa ya kashe shi ba. Doka ta san da wannan dabarar. Idan mutane suka haɗu a kan niyya ɗaya suka aikata laifi, kowannensu ana ɗaukarsa kamar shi kaɗai ya yi. Wanda ya kawo taya, da wanda ya sayo fetur, da wanda ya ƙyasta ashana, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. A zamaninmu dutse yana ɓacewa cikin taro. A naku zamanin kowane yaro yana da kyamara a aljihu.

Na san abin da ke ci maka rai, don ni ma yana ci mini. Kun sha kai ɓarawo caji ofis, bayan kwana uku ku gan shi a bakin titi yana muku dariya. Ba zan ce ƙarya kake yi ba. Akwai cin hanci, akwai iyayen gida masu buga waya, akwai sakaci. Amma ka ba ni amsar wannan. Sau nawa ɗayanku ya koma ya ba da bayani a rubuce? Sau nawa mai wayar ya je kotu ya tsaya ya ce wannan ne, na gan shi? Yawanci da an mayar masa da wayarsa sai ya ce ya bar wa Allah. Mai gabatar da ƙara ya kira shaida sau uku, ba kowa. Alƙali kuwa ba ya hukunci da labarin unguwa. Dole ya sallami mutum. Sai mu ce kotu ta saki ɓarawo, alhali mu ne muka sake shi. Kuma beli daban, wankewa daban. Wanda aka ba beli shari'arsa tana nan tana jiransa.

Kada kuma ka zaci dokar tana da laushi. Wanda ya tare mutum da wuƙa ya karɓe masa waya, fashi da makami ya yi, kuma hukuncin fashi da makami a ƙasar nan kisa ne ko da bai taɓa kowa ba. Irin wannan shari'a babbar kotu ke yin ta, ba a cika ba da beli a kanta ba. Wani lokaci ma tsananin yakan yi yawa. An yi wani yaro a jihar Osun da aka kama a 2010 yana ɗan shekara 17, a kan fashin da abin da aka ɗauka a ciki kaji ne. A 2014 aka yanke masa kisa. Ya yi shekara goma yana jiran igiya kafin gwamnan jihar ya yi masa afuwa a ƙarshen 2024. Ka ga amfanin jinkiri. Da an gaggauta, da afuwar ta tarar da kabari.

A nan nake so ka tsaya ka yi tunani. Gwamnati tana da soja, tana da 'yan sanda, tana da gidan yari. Duk da haka ba a yarda ta kashe mutum yadda ta ga dama ba. An jera mata matakai, an ce sai ta taka su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kama dole a gaya masa dalili cikin harshen da yake ji. Yana da damar yin shiru har ya ga lauya. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Sashe na 36 ya ce a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. In ba ya jin Turanci a ba shi tafinta kyauta. In ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da agajin shari'a da aka kafa tun 1976. Bayan babbar kotu akwai kotun ɗaukaka ƙara. Bayanta akwai Kotun Ƙoli. Bayan duk wannan sai gwamna ya sa hannu, kuma sashe na 212 ya ba shi ikon yafewa ko sassautawa. Mutane suna cewa wannan ɓata lokaci ne. Ni a ganina kowane mataki wata dama ce ta gano kuskure. Kuɗi in an ci na mutum bisa kuskure ana biya. Ɗauri ana buɗe ƙofa a ba da haƙuri. Rai kuwa babu ofishin da ake zuwa a karɓo shi.

Waɗannan matakai da jini aka koye su. A 1981 gwamnatin jihar Oyo ta kashe wani mai suna Nasiru Bello da aka samu da laifin fashi, alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu ba a saurare ta ba. Iyalinsa suka bi kadi har Kotun Ƙoli. A 1986 kotun ta ce kisan ya saɓa doka, ta sa a biya su. Amma shi bai ji hukuncin ba. A zamanin soja an kafa doka mai lamba 20 ta 1984, aka mayar da ita baya ta kama laifin da aka yi tun kafin a rubuta ta. A watan Afrilu na 1985 aka harbe samari uku a Legas da ita a kan safarar ƙwaya. A ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, bayan wata kotu ta musamman da ba a ɗaukaka ƙararta. Wannan ya sa aka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Don haka in ka ji tsarin mulki ya ce ba a hukunta mutum a kan abin da ba laifi ba ne lokacin da ya yi shi, ba a ɗora masa hukuncin da ya fi wanda ke akwai a lokacin, kuma dole laifin ya zama a rubuce, ka san akwai kaburbura a bayan waɗannan kalmomi. Haka nan ba a yi wa mutum shari'a sau biyu a kan laifi ɗaya. Wanda bai kai 18 ba lokacin da ya yi laifi, dokar 2015 ta hana a yanke masa kisa. Mace mai ciki kuma ba a zartar mata sai ta haihu ta yaye.

Wataƙila wani abokinka zai ce maka wannan duk dokar Bature ce, mu Shari'a muka sani. Ka yi masa murmushi, ka ce ya zo ku je wurin malami. Musulunci ya riga su ɗaure hannun mai hukunci. A Suratul Ma'ida an daidaita kashe rai ɗaya ba bisa haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa shubuha tana tunkuɗe haddi, kuma gara shugaba ya yi kuskure wajen yafewa da ya yi kuskure wajen hukunci. Wani mai suna Ma'izu da ƙafarsa ya zo ya yi iƙirarin laifinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa kawar da kai, yana bincikar ko hankalinsa ƙalau, ko ya sha wani abu. Wata mata da ta zo da ciki ta yi iƙirari, aka ce ta koma sai ta haihu, ta dawo aka ce sai ta yaye. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Ko a kisan kai, inda aka ba dangin mamaci haƙƙin ƙisasi, an buɗe musu ƙofar diyya da ta afuwa, an kuma kwaɗaitar da su. Sannan duk littafin fiƙihun da ka buɗe, tsayar da haddi aikin shugaba ne da alƙalinsa. Ba a bar wa taron kasuwa ba.

Mun ga wannan da idonmu a ƙasar nan. A 2001 wata kotun Shari'a a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa. A watan Maris na 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta sallame ta. Cikin dalilan har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru tun kafin dokar ta fara aiki. Amina Lawal kuma a Bakori aka yanke mata, kotun Funtuwa ta tabbatar. A watan Satumba na 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta rushe hukuncin, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Sun ce tana da damar janye iƙirarinta. Sun kuma kawo maganar kwantaccen ciki da mazhabar Malikiyya ta sani. Duniya ta yi ta surutu a lokacin, amma hujjojin da suka kuɓutar da matan nan daga cikin littattafanmu aka ciro su. Da a ce ranar farko jama'a suka ɗauki duwatsu, wa zai buɗe littafin?

Saura maganar duka. Wannan ita ce na fi jin tsoro a kanka, domin ita ce ake rainawa. Ana cewa ai ba kashe shi za mu yi ba, taɓa shi kawai za mu yi ya faɗi inda ya kai kayan. Ɗana, wanda ake duka zai amsa komai. In ka ce shi ya saci hasumiyar Gobarau zai ce a ɗakinsa take. Zai kira sunan abokin gabarsa, ya kira na maƙwabcinsa, don dai gorar ta tsaya. Sai ku tafi ku ɗauko wani bawan Allah daga shimfiɗarsa. Sashe na 34 na tsarin mulki ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam. A 2017 aka yi doka ta musamman a kan haka, mai ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar. Ta ce umarnin na gaba ba hujja ba ne, kuma iƙirarin da aka samu ta azaba kotu ba ta karɓa. To ka ga, dukan da kuka yi don a hukunta shi yana iya zama abin da lauyansa zai riƙe. Kuma jiki ba shi da ma'auni. Gora ɗaya a ƙeya ta isa. Yawancin masu zaman kurkuku a kan kisa ba su fito gida da niyyar kisa ba.

Masu kaki ma da suka ɗauki wannan hanya ba ta kai mu ko'ina ba. A watan Yuni na 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Apo, Abuja, suka ce 'yan fashi ne. Bincike ya nuna 'yan kasuwa ne da wata budurwa. Sai a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikin 'yan sandan kisa. A ƙarshen Yuli na 2009 sojoji suka kama Muhammad Yusuf a Maiduguri da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, ya mutu a hannunsu ba tare da ya ga alƙali ba. Ba ina wanke shi ba ne, ka san ra'ayina a kan abin da ya shuka. Amma da an gurfanar da shi, da an ji su wa ke bayansa. Mabiyansa kuma da ba su samu abin da suka riƙa nuna wa yara suna cewa ku ga adalcin gwamnati ba. Abin da ya biyo baya kai ma a cikinsa ka girma.

Ko a cikin gida maganar ɗaya ce. Ka tuna gidan marin da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa, Kaduna, a watan Satumba na 2019. Sama da mutum 300 aka fito da su, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabo. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, don a gyara musu tarbiyya. Niyya mai kyau ba ta hana bulala yin rauni. Ka riƙe wannan don ranar da za ka zama uba.

Ka taɓa tambayata ko ina goyon bayan a soke hukuncin kisa gaba ɗaya. Kotun Ƙoli ta ce a 1998 bai saɓa wa tsarin mulki ba, kuma yana nan a dokokinmu. Maƙwabtanmu kowa da hanyarsa. Nijar tana da shi a rubuce, amma rabonta da zartarwa tun 1976. Chadi ta soke shi a 2020. Majalisar Ghana ta cire shi daga manyan laifuffuka na yau da kullum a 2023. Mu nan sama da mutum 3,000 ke jiran igiya, gwamnoni suna gudun sa hannu, rabon da a zartar tun Disamba 2016 a Benin ta jihar Edo. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce wanda ya gama ɗaukaka ƙara ya yi shekara goma ba a zartar ba, babban alƙalin jiha yana iya mayar masa da shi ɗaurin rai da rai. Ni tsoho ne mai bin abin da addinina ya tanada, ba zan ce a goge ƙisasi ba. Idan na tuna uwar da aka kashe wa ƙaramar yarinya, bakina ba ya iya cewa ta yafe dole. Amma na ga yadda ake bincike a ƙasar nan. Na ga talaka yana shiga kotu ba lauyan kirki. Shi ya sa ban taɓa jin haushin gwamnan da hannunsa ya yi nauyi a kan takardar nan ba. Wanda yake da kotuna uku a bayansa yana jin tsoro, balle kai da tocila kawai gare ka.

To, ga abin da nake roƙonka. Ka yi magana da shugabanku tun yanzu, da rana tsaka, ku yi shawara a gaban mai unguwa da limami. Kowannenku ya ajiye lambar DPO da ta motar sintirin 'yan sanda a wayarsa. Ku san ɗakin da za ku sa mutum ku kulle, mai ƙofar ƙarfe, kusa da inda kuke zama. In kun kama, kada ku busa usur fiye da buƙata, don usur taro yake kira. Ku raba shi da makami, ku ajiye makamin yadda yake, kada kowa ya yi ta jagwalgwala shi. Ku rubuta sunan wanda aka yi wa satar da na waɗanda suka gani da ido. In ya ji rauni a kai shi asibiti. In ya nemi ruwa ku ba shi. Idan taro ya matso, ku tsaya a bakin ƙofar ku juya musu fuska, ku sa a kira dattijon da suke jin kunya. Za a zage ka. Wani zai ce da kai ake rabawa. Ka bar shi ya faɗa, zagi ba ya fito da ƙari. Ranar da za a shiga kotu kuma ka sa rigarka mai kyau, ka ɗauki mai wayar a bayan babur ɗinka, ku tafi tare.

Mahaifiyarka na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan yi magana da kai. Ka riƙa sa rigar sanyi, don iskar asuba ba ta da kirki a ƙirji. Ranar Juma'a in an sauko masallaci ka biyo mu ci tuwo. Ka taho da shugaban naku, ina son in gan shi.